Aikin kanti ko aikin makaranta: wanne ne zai taɓa tallafin karatuna a Amurka?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai shekara 18, muna zaune a unguwar Bronx ta birnin New York, kuma ina da katin zama na dindindin. Zan fara jami'a a watan Agustan 2026 in Allah ya yarda. A takardar tallafin da makaranta ta aiko mini akwai Pell Grant, akwai bashi, sannan akwai dala 3,000 da aka rubuta Federal Work-Study a gabansu. Wani abokin Baba mai kantin kayan abinci ya ce in zo in riƙa yi masa aiki awa 25 a mako, dala 17 kowace awa, in ma ina so ya riƙa ba ni a hannu. Baba ya ce kada in taɓa kowane irin aiki, wai ya ji cewa duk ɗalibin da ya fara samun kuɗi ana yanke masa tallafi. Ni kuwa ina ganin wahalar da yake sha a kan tasi, ba na son in riƙa miƙa masa hannu don kuɗin jirgin ƙasa da na littattafai. Sannan ɗan yayar Mama zai zo daga Kano da bizar ɗalibi, yana tambaya ko shi ma zai samu irin wannan aiki. Ku ba ni shawara.

Wata ɗaliba daga Bronx

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Allah ya sa ki fara a sa'a, ya kuma saka miki da alheri kan tausayin mahaifinki.

Abin da Baba ya ji yana da tushe, sai dai rabin maganar aka gaya masa. Akwai aikin da ke rage tallafi, akwai wanda ba ya taɓa shi ko kaɗan, kuma dala 3,000 ɗin da ke cikin takardarki na cikin kashi na biyu. Shawararmu ita ce ki karɓi aikin makarantar, ki rage aikin kantin ya koma na hutu da rana ɗaya a mako, kuma kada ki yarda a biya ki a hannu ba tare da takarda ba.

Shirin Federal Work-Study, wato aikin makarantar, na gwamnatin tarayya ne, an kafa shi tun 1964, kuma ana bai wa ɗalibin da ya cike fom ɗin FAFSA, wato fom ɗin neman tallafin karatu na tarayya, aka ga yana da buƙata. Ba bashi ba ne, babu kuɗin ruwa a kansa, ba a kuma biyan komai bayan an gama karatu. Amma ba kyauta ba ne irin Pell. Izini ne aka ba ki na ki yi aiki ki samu har dala 3,000 a shekarar karatu, gumin ki ne zai fito da su awa bayan awa. A nan iyalai da yawa ke yin kuskure: sai su ɗauki jimlar kuɗin makaranta su cire Pell, su cire wannan dala 3,000, su ce ga abin da ya rage. Ranar biyan kuɗin zangon farko sai a tarar da giɓi, domin ba ki yi aikin ko awa ɗaya ba tukuna. Kuɗin yana zuwa ne a matsayin albashi, aƙalla sau ɗaya a wata, a makarantu da yawa kuma duk mako biyu, kai tsaye cikin asusunki na banki, sai fa idan ke da kanki kika rubuta cewa a riƙa zuba shi a kuɗin makaranta. Don haka ku yi lissafin kuɗin zangon farko kamar babu shi.

Abu na biyu da takardar ba ta fito ta faɗa ba: ba a ajiye miki kujera a wani ofis ba. Ke za ki nemi aikin. Ki shiga shafinki na makaranta ki danna cewa kin karɓi tallafin, domin wanda ba a karɓa ba ana iya mayar da shi ga wani ɗalibi. Kuɗin da gwamnati ke ba kowace makaranta ƙayyadadde ne, masu buƙata kuma sun fi shi yawa. Tun watan Yuli ki fara duba shafin guraben aikin ɗalibai, ki shirya takardar tarihin karatu da aiki mai shafi ɗaya, ki nemi wuri huɗu ko biyar a lokaci guda. Ayyukan da suka fi dacewa da ɗalibin shekarar farko, kamar teburin ɗakin karatu, ɗakin kwamfuta da ofishin sashe, su ke fara ƙarewa, sau da yawa kafin mako na biyu na karatu ya wuce. Makarantu da dama suna soke tallafin idan ɗalibi bai samu aiki ba zuwa wata rana da suka sa. Ki tambayi ofishin tallafin kuɗi wace rana ce tasu, ki rubuta ta.

Kina da wata dama da ya kamata ki sani. A mafi yawan waɗannan ayyuka gwamnati ce ke biyan har kashi 75 cikin ɗari na albashin, sashen da ya ɗauke ki ya cika ragowar. Ga shugaban sashe, ke ma'aikaciya ce mai araha, shi ya sa ki faɗa tun a layin farko na saƙonki cewa kina da wannan tallafi da kuma adadinsa. Haka nan doka ta wajabta wa makarantu su kashe aƙalla kashi 7 cikin ɗari na kuɗin a kan ayyukan taimakon al'umma, irin koya wa yaran firamare karatu. Idan guraben cikin makaranta sun ƙare, ki tambayi waɗannan, galibi ba a cika rububinsu ba.

Ranar da aka ɗauke ki za ki cike fom ɗin I-9, wanda ke tabbatar da cewa kina da izinin aiki. Ana son takardu na asali, ba hoto ba, ba kwafi ba, cikin kwana uku na aiki daga ranar da kika fara. Katin zamanki shi kaɗai ya wadatar. Idan Mama ce ke ajiye takardun gida, ki karɓo tun da wuri. Sai fom ɗin W-4 na haraji, da lambarki ta Social Security, wadda gwamnati ke bayarwa don aiki da haraji, da lambar asusun banki. Kada ki fara aiki kafin ofishin albashi ya ce komai ya kammala, ko da mai kula da ke ya ce ki zo gobe. Awannin da aka yi kafin a shigar da mutum cikin tsari su ne ke daɗewa ba a biya ba.

Yanzu lissafin awanni, wanda ɗalibai ba sa yi sai kuɗin ya ƙare. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, amma inda na jiha ko na birni ya fi shi, mafi girman ake bi, na birnin New York kuwa dala 17 ne daga Janairun 2026. Ki raba 3,000 da 17, za ki samu awa 176. Zangon karatu biyu kusan mako 30 ne, wato ƙasa kaɗan da awa 6 a mako. Idan kika yarda aka sa ki awa 15 a mako, a cikin mako 12 kin cinye duka, kafin hutun Disamba aikin ya tsaya. Ki zauna da mai kula da ke tun ranar farko ku raba awannin, ki kuma tambaye shi ko sashen na iya ci gaba da biyanki daga kasafinsa idan tallafin ya ƙare. Wasu suna yi. Idan ya rage saura dala 500, ki je ofishin tallafi ki nemi ƙari. Idan wasu ɗalibai ba su yi amfani da nasu ba, kuma har yanzu lissafin buƙatarki bai cike ba, akan ƙara. Abin da ba ki ci ba zuwa ƙarshen shekara ya wuce ke nan, ba a tura shi zuwa shekara mai zuwa. Kuma ba a yarda ki yi aiki a lokacin da jadawalinki ya nuna kina da aji ba.

Mu koma ga tsoron Baba, domin nan ne maganar take da nauyi. Daga shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, fom ɗin FAFSA yana fitar wa kowane ɗalibi da wata lamba da ake kira SAI, wadda za ta iya sauka har ƙasa da sifili da 1,500. Makaranta tana ɗaukar jimlar abin da karatu zai ci a shekara, ta cire wannan lamba, abin da ya rage shi ne buƙatarki. Ƙaramar lamba, babban tallafi. Kuɗin shigar iyaye na shiga lissafin, naki ma na shiga. Amma albashin Federal Work-Study ana cire shi gaba ɗaya kafin a yi lissafi. Makaranta ce ma ke kai rahotonsa ga ma'aikatar ilimi da kanta, ba sai kin rubuta komai ba. Ko da kin ci dala 3,000 ɗin duka, lambarki ba za ta motsa ba.

Albashin kanti ba haka yake ba, amma shi ma ba daga dalar farko ake fara ƙirga shi ba. Akwai wani adadi da ake yafe wa ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa: dala 11,130 a shekarar 2024 zuwa 2025, dala 11,510 a ta 2025 zuwa 2026, kuma ana ɗan ƙara shi kowace shekara. Abin da ya haura wannan, bayan an cire harajin da kika biya, rabinsa ake ɗorawa a kan lambarki. Mu gwada da tayin abokin Baba. Awa 25 sau dala 17 dala 425 ne a mako, a mako 50 ya zama dala 21,250. A cire 11,510, a cire kimanin dala 2,200 na haraji, saura wajen 7,500. Rabinsa dala 3,750. Pell mafi girma dala 7,395 ne, kuma ga ɗalibin da ake lissafa masa Pell ta hanyar cire lambarsa daga wannan adadi, wannan aiki zai iya cinye kusan rabinsa. To ga inda maganar da Baba ya ji ta samo asali, kuma ga wanda abin ya faru da shi, gaskiya ya faɗa.

Sai dai ki duba nawa ne Pell ɗin da aka ba ki. Sabon tsarin yana ba da Pell cikakke kai tsaye idan kuɗin shigar iyaye, kamar yadda yake a takardar harajinsu, bai wuce kashi 175 cikin ɗari na ma'aunin talauci na tarayya ba, ko kashi 225 idan uba ko uwa ɗaya ne ke riƙe da gidan. Da ma'aunin 2024, iyali mai mutum huɗu da iyaye biyu iyakarsu dala 54,600 ce, mai mutum shida kuma dala 73,430. Wannan gwaji kuɗin iyaye da yawan mutanen gida yake dubawa, ba albashin ɗalibi ba. Idan ta wannan ƙofar kika samu naki, aikin kanti ba zai rage Pell ɗin ba muddin kuɗin shigar Baba bai haura iyakar ba. Ki je ofishin tallafi ki yi musu wannan tambaya kai tsaye: "Pell ɗina ta kuɗin shigar iyayena aka ba ni cikakke, ko ta lissafin SAI?" Ki kuma tambaya ko tallafin da makarantar ke bayarwa daga aljihunta, da na jiha irin TAP, suna da nasu ma'aunin dabam, domin kowanne da ƙa'idarsa.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne tasirin ba ya fitowa nan take. FAFSA tana duba kuɗin shigar shekara biyu baya. Abin da kika samu a 2026 zai bayyana ne a tallafin 2028 zuwa 2029, shekararki ta uku. Na 2027 zai taɓa shekararki ta huɗu. Ɗalibi sai ya yi aiki tuƙuru a shekarar farko, ya ga ba a rage masa komai ba, ya saki jiki, sai a shekara ta uku takarda ta zo da ragi bai san dalili ba. Amfanin sanin wannan shi ne, idan za ki gama cikin shekara huɗu, duk abin da kika samu daga Janairun 2028 ba zai shiga lissafin digirinki na farko ba. Lokacin ƙara awanni, idan karatu ya bari, shi ne daga nan.

Ajiya ma tana da nata lissafi. Kuɗin da ke cikin asusu da sunanki a ranar da kika cike fom, kashi 20 cikin ɗari ake ƙirgawa, na iyaye kuwa bai kai kashi 6 ba. Iyalai masu ƙaramin ƙarfi da yawa ba a tambayarsu dukiya ma sam, amma idan fom ɗin ya tambaye ki, ki sayi kwamfutar da kike buƙata da littattafanki, ki biya abin da ke kanki, kafin ki cike shi. Wannan halal ne, domin abin da ke cikin asusun a ranar ake tambaya.

Maganar biya a hannu kuwa, ki gode masa ki ce a'a. Mun san da kyakkyawar niyya ya faɗa, yana ganin taimakon ɗiyar abokinsa yake yi. Amma kuɗin da aka samu ta aiki, da takarda ko babu, doka ta ce a bayyana shi. Fom ɗin FAFSA da za ki sa wa hannu ya rubuta cewa bayar da bayanin ƙarya da gangan na iya jawo tarar da ta kai dala 20,000, ko ɗauri, ko duka biyun. Ke kuma mai katin zama ce da wata rana za ki nemi zama 'yar ƙasa, kuma ana tambayar tarihin haraji a wannan neman. Ban da haka, idan kika ji rauni a kantin ko aka yi saɓani kan awanni, ba ki da shaidar komai. Idan zai ɗauke ki, ya sa ki cikin tsarin albashi, ya ba ki takardar W-2, mai nuna albashinki da harajin da aka cire a shekara, a ƙarshen Janairu kamar kowane ma'aikaci.

Duk da wannan lissafi, ba shi ne ya fi damun mu da awa 25 ba. Hanyar da ɗalibai suka fi rasa tallafi saboda aiki ita ce ta faɗuwar maki. Kowace makaranta tana da ƙa'idar ci gaban karatu da gwamnati ta wajabta mata, galibi matsakaicin maki 2.0 da kuma cin aƙalla kashi 67 cikin ɗari na darussan da kika yi rajista. Darasin da kika janye daga cikinsa bayan wa'adin sauya darussa ya wuce ana ƙirga shi cikin waɗanda kika ɗauka ba ki ci ba. Ɗalibin da ya ɗauki darasi biyar, ya janye daga ɗaya ya faɗi ɗaya, ya ci kashi 60 ke nan, ya sauka ƙasa da layi. Akan ba da zango ɗaya na gargaɗi a makarantu da yawa, bayan nan Pell da aikin makaranta da bashin duk su tsaya tare sai an ɗaukaka ƙara. Tsarin jami'a an gina shi ne a kan cewa kowace awa ɗaya a aji tana son awa biyu na bita. Awa 15 a aji ya zama awa 45 a mako. Ki ɗora 25 na kanti, 70 ke nan, ba a sa zirga-zirgar jirgin ƙasa da aikin gida ba. Taura biyu ba ta taunuwa a zangon farko, lokacin da ba ki ma san nauyin darussan ba tukuna.

Ga tsarin da muke ganin zai yi miki. A lokacin karatu, awa 6 na aikin makaranta, da ranar Asabar a kanti, awa 8. Asabar 30 sau awa 8 sau dala 17 ya ba da dala 4,080. A dogon hutun bazara ki yi masa awa 35 a mako har mako 10, dala 5,950. Jimlar kanti dala 10,030, ƙasa da adadin da ake yafewa, ga kuma 3,000 na makaranta da ba a ƙirgawa. Kin samu sama da dala 13,000 a shekara ba tare da lambarki ta tashi ba. Akwai ƙarin riba a aikin makarantar: muddin kina karatu aƙalla rabin lokaci kuma makarantar ce ke biyanki, ba a cire miki kashi 7.65 cikin ɗari na Social Security da Medicare da ake cirewa a albashin kanti. Harajin kuɗin shiga dai yana hawa kansa, don haka ki haɗa takardun W-2 biyun idan za ki cike fom ɗin haraji. Sannan ɗalibin da ke cikin wannan shiri yana cikin waɗanda aka buɗe wa ƙofar neman tallafin abinci na SNAP, wanda yawancin ɗaliban jami'a ba sa samu sai suna aikin awa 20 a mako. Idan kika ga kuɗin nan ya ishe ki, kina da ikon ƙin karɓar bashin da ke cikin takardar ko ki rage shi, ba tare da sauran tallafin ya taɓu ba. Muna jin wannan zai fi komai faranta wa Baba rai. Idan kuma wata ƙungiya ta ba ki kyautar karatu daga baya, ki sanar da ofishin tallafi, ki roƙi su fara rage bashin kafin su taɓa aikin.

Yadda za ki tunkari Baba: kada ki ce masa abin da ya ji ba daidai ba ne. Ki buga takardar tallafin, ki rubuta wannan lissafi a takarda ɗaya, ki nemi ya raka ki ofishin tallafin kuɗi ko ku kira su tare. Jin maganar daga bakin ma'aikacin ofis zai fi kwantar masa da hankali. Dama kina buƙatarsa kowace shekara, domin sai iyaye sun shiga fom ɗin da nasu asusun sun amince a ɗauko bayanin harajinsu daga hukumar haraji ta IRS, in ba haka ba babu Pell, babu aikin makaranta. Fom ɗin yakan buɗe ranar 1 ga Oktoba. Ku cike shi da wuri, kuma tunda sabon fom ɗin ba ya tambayar ko ɗalibi yana son aikin makaranta, ki aika wa ofishin saƙo kowace shekara cewa kina so a sake ba ki. Samun sa a bana ba ya tabbatar da na baɗi.

Shi kuwa ɗan'uwanki mai zuwa daga Kano, kada ya ɗauki komai daga abin da muka faɗa miki, domin dokarsa dabam ce. Mai bizar ɗalibi ta F-1 ba ya cikin waɗanda ake bai wa tallafin tarayya, don haka babu Pell, babu Federal Work-Study. Abin da aka yarda masa shi ne aiki a cikin makarantar da ta ba shi takardar I-20, wato shaidar karɓarsa da ya nemi biza da ita, wanda makarantar ke biya daga aljihunta, awa 20 a mako iyaka lokacin karatu, cikakken lokaci kuma a hutu. Awa 20 ɗin jimlar duk ayyukansa ne, kuma kowane mako da kansa ake dubawa. Idan yana duba guraben aiki, ya tsallake waɗanda aka rubuta na masu tallafin tarayya ne kaɗai, ya nufi ɗakin cin abinci da makamantansu, inda aka fi ɗaukar ɗaliban waje. Sai ya samu aikin tukuna, da wasiƙa daga jami'in kula da ɗaliban ƙasashen waje, zai iya neman lambar Social Security. Aiki a wajen makaranta sai bayan ya cika shekara ɗaya ta karatu, ta hanyar izinin koyon aiki da ake kira CPT ko OPT, kuma sai ya danganci fannin da yake karantawa, da izini a rubuce kafin ranar farawa. Kantin abokin Baba, tuƙin Uber, kai abinci gida-gida, duk aiki ne ba da izini ba a wurinsa, ko da awa biyu ne, ko da a hannu aka biya. Idan aka gano, ana rufe rajistarsa a tsarin SEVIS, wato kundin gwamnati na ɗaliban ƙasashen waje, kuma wanda aka rufe wa saboda aiki ba da izini ba, ba ya cikin waɗanda ake mayar wa matsayinsu daga cikin ƙasa. Ku gaya masa wannan tun yana Kano, ku kuma gaya wa iyayensa cewa awa 20 a mako zai iya ɗaukar abinci da sufuri da waya, amma ba zai biya kuɗin makaranta ba, don su shirya wannan kafin ya hau jirgi.